Ranar da Awaki Suka Ci Cukun Tasalla

Duk direban da ke bin hanyar Kano zuwa Jos ya san Tasalla mai kayan marmari, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Teburinta yana bakin titi a Tudun Wada, ƙarƙashin wata darbejiya, kuma tun kafin mota ta gama tsayawa za ka jiyo ta tana yi wa wani faɗa. Ko dai wanda ya latsa mata mangwaro da babban yatsa ya ajiye, ko wanda ya ɗauki kankana yana ƙwanƙwasawa kamar ƙofar gidan ubansa. "Malam, in ba saya za ka yi ba, sauke min hannunka daga kaya!" Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum da wuƙa a hannu. Mijinta ya rasu tun yaran suna ƙanana. Da wannan teburin ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi kuma ta ɗauki nauyin autanta Musbahu har ya zama bakaniken babur mai rumfar kansa.

Faɗanta kowa ya saba da shi. Abin da aka kasa sabawa da shi shi ne cin abinci a gidanta. Ka san yadda ake yi a ko'ina: a kawo wa baƙo abinci, a ce masa bismillah, a saki labule a ba shi wuri. To, ban da Tasalla. Ita za ta ajiye maka kwano, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabanka, ta zuba maka ido. Ka ce ka ƙoshi ta ce ƙarya kake yi. Ka yi loma ƙarama ta tambaye ka ko haƙori ke ciwo. Har malamin makarantar allon unguwarsu, da gemunsa da komai, sai da ya ci ɗanwake a zaure tana tsaye tana kallon maƙogwaronsa. Mutanen gari sun daɗe da sallama mata, in sun shiga sai su ci su huta.

Wannan hali kuwa yana da tushe, kodayake ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A Riruwai aka haife ta, mahaifinta lebura ne a wurin haƙar kuza. Da aiki ya yi baya, gidansu ya shiga halin da sai a kwana ba a ɗora tukunya ba. A cikin wannan hali wasu 'yan'uwan mahaifin suka zo daga birni. Mahaifiyarta ta kakkaɓe ragowar dawar da ke gidan ta tuƙa musu tuwo, da miyar kuka ba mai ba nama, ta kai musu ɗaki, ta fito ta ba su wuri kamar yadda aka saba. Tasalla tana yarinya, tana bayan danga tana tsintar kirare, sai ta ga hannu mai agogo ya ɗago ta saman dangar ya kifar da tuwon a kan juji. Da baƙin suka tafi, uwar ta ɗauko kwanuka fayau tana murna, tana cewa, "Alhamdulillahi, sun cinye tas." Ranar duk gidan da yunwa suka kwana. Tasalla ta riƙe abin a cikinta har uwar ta koma ga Allah, amma ta yi wa kanta alkawari ba za ta taɓa juya wa abincinta baya ba, sai ta ga ya shiga baki da idonta.

Yanzu ga yadda wannan alkawari ya kusa kashe auren ɗanta.

Akwai wata yarinya Bafulatana, Kaltume, 'yar wani Hamman mai shanu da gona a wata ruga kusa da Falgore, wadda ke sauke ƙwaryar nononta a gefen teburin Tasalla ranar kasuwa. Musbahu, wanda ya ƙi duk yarinyar da aka nuna masa har sa'o'insa suka tara 'ya'ya, ya zo kawo wa uwarsa saƙo wata rana ya gan ta. Shi ke nan. Daga ranar sai saƙo ya yawaita, har wanda ba a aike shi ba. Ita ma Tasalla yarinyar ta kwanta mata. Takan miƙa mata mangwaro, Kaltume ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai ta saka a ƙwarya. Ba ta taɓa ci a wurin ba. Tasalla ta ɗauka ƙannenta take kai wa, har tana yaba mata.

Maza suka je neman aure. Hamman ya karɓe su da mutunci, amma ya ce ba zai ce komai ba sai yayarsa Goggo Hasana, wadda ta riƙe Kaltume tun tana goye, ta je ta ga gidan da uwar mijin. Abin da ta dawo ta faɗa, shi ne maganarsa.

Da Musbahu ya kawo labari, ya zauna yana sosa ƙeya. "Iya, don Allah ranar ki yi a hankali. Mutanen nan akwai kunya."

"Ni za ka koya wa karɓar baƙi? Tashi ka ba ni wuri."

Ba wai ba ta san kunyar Fulani ba. Wanda ya yi shekaru yana ciniki da su a bakin titi ai ya sani. Amma a ganinta kunya abu ce da naci ke karyawa, ta karya ta malamai balle ta mata 'yan'uwanta.

Ta yanke shawara ba shinkafa kawai za ta yi musu ba. Za ta haɗa musu faranti, kayan sana'arta da na sana'arsu wuri ɗaya, 'ya'yan itace a kewaye, cuku a tsakiya. "Namu da nasu," in ji ta, "tunda haɗuwa za a yi, a fara daga faranti." Bazara ce, shanu sun rame, madara ta yi wuya. Ba ta so ta nema a wurin Kaltume kada labari ya riga ta zuwa, sai ta bi mota har wajen Doguwa ta samo a wata ruga. Ta ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ta daka tumfafiya ta tace ruwan ta zuba don madarar ta kama. Karon farko hannunta ya zarce, cukun ya fito da ɗaci, ta tsaya a tsakar gida tana zagin tumfafiya kamar mutum. Ta sake komawa Doguwa. Karo na biyu ya kama yadda ake so, ta kwashe a 'yan kwanduna ruwan ya tsiyaye, ta yayyanka ta soya sama-sama a man shanu.

Ranar zuwan baƙi ba ta fita kasuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar da mijinta ya rasu. Ta ɗauko babban tirenta na aure ta goge shi da toka, ta shimfiɗa ganyen ayaba a kai. Ta zaɓi mangwaro binta siga wanda ya nuna a bishiya, ba na dumbu da ake rufewa a buhu ba, ta fere ta yanka ba tare da ta taɓa ƙwallon ba. Kankana ta bi ta da tsinin wuƙa tana cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Gwanda ta matsa mata lemon tsami. Dabino ta ɓare ta cire ƙwallo don kada tsohuwa ta wahala. Ayaba ta bari sai ƙarshe don kada ta yi baƙi. Ta tara cukun a tsakiya, ja-ja da shi, ta ja da baya ta duba, ta dawo ta sauya wa kankanar wuri, ta sake dubawa. Maƙwabciyarta Hauwa ta leƙo ta riƙe baki ta ce, "Kai, Tasalla, ko a otal sai haka!" Ta ce mata, "Otal ɗin me? Matsa kada ki yi min numfashi a kai."

Wajen azahar suka iso, Goggo Hasana da wasu mata biyu, ƙafafunsu sun yi futu-futu. Goggo Hasana doguwar tsohuwa ce siririya, ba ta ɗaga murya, ba ta kallon mutum a ido. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, aka tambayi gajiya, aka sake komawa farko. Sai Tasalla ta shigo da tiren ta ajiye, ta ɗage faifan da ta rufe da shi, ƙamshin mangwaro da man shanu ya cika ɗakin. Sannan ta jawo kujerarta ta zauna.

"Bismillah."

"Mun gode," in ji Goggo Hasana, idonta a kan tabarma. "Allah ya saka da alheri."

Ba wadda ta motsa.

"Ku sa hannu mana. Cukun nan ni na yi da kaina."

"Madalla. A ƙoshe muke."

A ƙoshe! Mutanen da suka taso daga Falgore a wannan rana, leɓunansu duk sun bushe! Hauwa tana bakin ƙofa tana ta yi mata alama da ido, tana yafito ta da hannu ta fito. Ko kallonta Tasalla ba ta yi ba. Ta tura tiren gabansu. Ta sake turawa har ya taɓa gwiwar tsohuwar. Ta yi wasa, ta yi magiya, ta haɗa su da Allah. Muryarta ta fara hawa. Daga ƙarshe ta ɗauki yankan cuku mafi kyau ta danƙa shi a tafin Goggo Hasana. Tsohuwar ta karɓa, ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan a hankali ta mayar da shi gefen tiren.

Nan fa idon Tasalla ya rufe. Ba ɗakinta take gani ba, dangar Riruwai take gani da hannun nan mai agogo. Ta miƙe, ta sunkuci tiren, ta fito tsakar gida inda awakinta ke ɗaure, ta kifar musu da shi gaba ɗaya.

"Ku ci! Ku ai ba ku raina ni ba!"

Awaki kuwa ba su san kunya ba. Suka yi caa a kan binta siga da gwanda, wani bunsuru ya sa kai a cikin cukun da aka je Doguwa sau biyu dominsa. Baƙin suna kallo ta ƙofa. Goggo Hasana ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce, "Mun ga gida. Allah ya bar zumunci." Suka sa takalma suka fita.

Musbahu bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya tsaya ya dubi tiren a kife, ya ce, "Iya, kin kashe maganar."

"Ni na kashe? Ni aka wulaƙanta a ɗakina, ni kuma na kashe? In sun fi ƙarfin abincina, 'yarsu ta fi ƙarfin gidana!"

 Daga ranar Musbahu ya daina cin abinci a gida. Ta ajiye masa tuwo, ya ce ya ci a rumfa. Ta ajiye koko, ya ce sauri yake yi. Ɗan da ta goya, wanda tun yana yaye bai taɓa haɗiyar loma ba ta gani ba, yanzu a teburin mai shayi yake cin biredi, ga wuyansa ya fara tsawo. Ranar kasuwa ta zo, wurin Kaltume ba kowa. Wata kasuwar ta sake zagayowa, haka. Direbobi suka sha zagi a kwanakin nan ba su san laifinsu ba.

Wata safiya ta rufe teburinta da buhu ta tare ɗan acaɓa ta ce Falgore. Kada wani ya ce haƙuri za ta je bayarwa. Ina! Zuwa za ta yi ta wanke su tas, ta tambaye su abin da ɗanta ya yi musu da za su bar shi yana ramewa. Ko karyawa ba ta tsaya yi ba. Suka bar kwalta suka shiga hanyar daji, babur na tsalle, ita tana maimaita abin da za ta faɗa, tana ƙara masa yaji.

Ta sauka da shirin yaƙi, sai aka tare ta da fara'a. "Jaɓɓama, jaɓɓama, sannu da zuwa." Kaltume ta hango ta daga nesa ta ruga bayan bukka ta ɓuya. Aka shigar da Tasalla wata bukka mai sanyi, aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Kafin ta buɗe baki wata mata ta shigo da ƙwarya fara sol, ta ajiye, ta ɗora ludayi a kan faifai, ta fice. Kowa ya watse. Ko yaro ba a bari ya leƙo ba.

Ta ɗaga faifan. Fura ce da kindirmo mai kauri, an dama ta lukwi, ga ɗan man shanu yana yawo a sama. Cikinta ya yi ƙara. Ta mayar da faifan ta rufe, ta naɗe hannu a ƙirji. Wato su ƙi nata ita ta sha nasu? Su ma su ji in da daɗi. Ta zauna nan tana huci, yunwa na cin ta, har inuwar ƙofa ta karkata.

Sai ga Goggo Hasana ta yi sallama ta shigo. Ta durƙusa ta ɗaga faifan, ta ga furar yadda aka kawo ta. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Da ta ɗago, karon farko ta dubi Tasalla ido cikin ido.

"Innar Musbahu, mun ba ki wuri, ba mai ganinki, kika ƙi. To wannan shi ne ƙi."

"Ku kuka fara! Ni da na..."

"Saurara, yau ni zan yi magana." Muryar tsohuwar ta hau, matan da ke waje suka yi tsit, don ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba. "Ranar nan tun asuba muka fito, ko ruwa ban sa a cikina ba. Na ce gidan surukai za mu, za a ba mu. Kika kawo abin da ban taɓa ganin irinsa ba, yawuna ya tsinke. Ina ta jira ki tashi. Ina cewa a raina, yanzu za ta fita, yanzu za ta fita. Kika zauna mana a ka kamar mai gadin gona! So kike in buɗe baki in yi ta tauna a gaban uwar mijin 'yata kamar saniya? Da tsufana?"

"To me ya hana ki ce in fita?"

"A ɗakinki? In kore ki a ɗakinki?" Ta girgiza kai. "Har ƙwarya na zo da ita a cikin zane, in ɗebi ragowar in kawo wa Hamman ya ga yadda aka karɓe mu. Na dawo masa da ita ba komai. Ya tambaye ni, na ce awaki sun ci. A hanya jiri ya ɗebe ni, sai da aka zaunar da ni a gindin bishiya."

 Tsohuwa ta zo gidan Tasalla da yunwa ta koma da yunwa, tana kallo aka zubar da abinci a ƙasa. Shekara da shekaru tana tsine wa hannun nan mai agogo, ashe wannan karon nata hannun ne ya kifar. Kunya ta kama ta, da haushin kanta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Goggo Hasana ta ɗauki ƙwaryar ta miƙe. "Na ce wa Hamman ya dakata, wataƙila zafin rana ne ya ɗebe ki. Yau na gani da idona. Ba ki cin namu, ba ma iya cin naki, ina yarinya za ta zauna? Bari in ba 'yan maruƙa, sai a kira miki mai babur."

Ta juya za ta fita. Tasalla ta yi wuf ta cafke bakin ƙwaryar, har fura ta fantsamo mata a zani.

"Ina za ki kai min?"

"Kin ce ba kya sha."

"Yaushe na ce? Da bakina kika ji? Sake min ƙwarya!" Ta fizge ta ta rungume a ƙirji, idonta ya kawo ruwa, muryarta kuwa har garken shanu. "Kin tsaya min a ka kina kallona, ta yaya zan sha? Fita mana ki ba ni wuri!"

Tsohuwar ta dube ta, ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta, ta fita ta saki asabarin ƙofa.

Tasalla ta sha furar nan ita kaɗai, tana sha tana share hawaye da bayan hannu, tana tsaki. Ta ajiye ludayin ta kafa kai. Ta sa yatsa ta suɗe gefen ƙwaryar, ta turo ta waje ta ƙarƙashin asabari.

 Sannan muryar Goggo Hasana ta zo daga waje, ta koma ƙasa-ƙasa yadda take.

"Ranar kasuwa mai zuwa za mu dawo ganin gida. Ki sake yin farantin nan. Amma cukun kada ki bar shi ya daɗe a wuta, na ga wancan ya soyu da yawa."

Tasalla ta yunƙura za ta ce wa ya isa ya koya mata suya, sai ta haɗiye.

Ranar da suka dawo ta ajiye tiren, ta ɗage faifan, ta ce bismillah. Ta dubi kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗauke ta ta fita da ita. Hauwa ta ba da labari cewa a tsakar gida Tasalla ta zauna ta ba ɗakin baya, ta damƙe gwiwoyinta da hannu biyu, gumi na zuba, tana zagin awaki ƙasa-ƙasa don kada wuyanta ya juya. Can sai ta jiyo ƙarar tiren ana jan sa a kan tabarma, da muryar tsohuwar tana ce wa 'yar'uwarta ta miƙo mata dabino. Ba ta waiwaya ba. Ta ce wa Hauwa, "Aika rumfa a gaya wa yaron nan ya zo gida ya ci abinci."